Asabar Goma Sha Huɗu Ina Wanke Sandunan Safiyo

Ga masu tambaya a ƙarƙashin rubutuna na baya ko da gaske namiji ne ke ba da wannan labari: eh, namiji ne, ɗan shekara arba'in da tara, mai tumbi daidai gwargwado da sanƙon da ke gaisawa da rana kafin ni. Na san shafin nan na 'yan mata ne masu kuka a kan filo. Ni ma ina da filo, kuma ba ku san abin da ya gani ba. Wadda ta rubuto cewa "Baba ka je ka kama carbi", na gode 'yata, yana aljihuna. Shi nake ja duk sanda na tuna Asabar.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda suka shigo yau. Sana'ata gwada ido da yanka tabarau. Shagona ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule. Gaba madubai ne da jerin firam na tabarau, ciki kujerar gwaji da allon haruffa. Matata ta rasu shekara shida ke nan, 'ya'yana biyu suna jami'a, gidan ya yi mini faɗi har nakan yi wa firij sallama in na dawo. Bara ne wata shugabar makarantar 'yan mata ta zauna a kujerar nan, ta karanta allon tas har layin ƙasa, na fara yaba idonta, sai ta ce in daina, haddace shi ta yi tun ina laluben alƙalamina. Malama kowa ke ce mata. Shekararta arba'in da uku, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune gidan yayanta. Ita kuma Dokta take ce mini, don ta san ni ba dokta ba ne.

Yayan nata shi ne Safiyo, sunan sana'arsa ne ya bi shi. Shekara talatin da biyar ya yi yana awon filaye kafin ya yi ritaya. Dogo ne, siriri, ba ya dariya sai ta zama dole. An ce a da yakan tsaya a bakin titi ya ce daga nan zuwa turken wutar can taku tamanin da huɗu ne, a taka, a samu tamanin da huɗu. Shi ya riƙe Malama tun tana 'yar shekara tara, bayan iyayensu sun rasu. Matarsa ma ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, sai a waya. Malama ta gaya mini tun farko, ba ɓoye-ɓoye: "Ni ba yarinya ba ce, Dokta, ba wanda zai ɗaure ni. Amma ba zan fita daga gidan Yaya ba sai da bakinsa."

Ranar da na je neman bakin nasa na sa farar rigata mai aiki a wuya, na fesa turare har mai ɗinkin labule ya yi atishawa. Falon cike yake da tsofaffin taswirori a firam, ga jakar sandunan golf, wato ƙwallon lambu, a jingine a kusurwa, an ba ta waje kamar babbar baƙuwa. Na yi jawabin da na kwana uku ina haddacewa. Ya saurara har na ƙare.

"Kana buga ƙwallon lambu?" ya ce.

"A talabijin dai nakan gani, Yaya, kafin in canza tasha."

"Ba na sanin mutum a falo. A falo kowa na kirki ne. Asabar ƙarfe bakwai ka same ni a filin atisaye. Ranar da ka cinye ni, ka turo manyanka."

Na yi dariya. Na duba, na ga ni kaɗai nake yi.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, filin atisaye ba shi ne ainihin filin wasa ba. Doguwar rumfa ce, an shimfiɗa ƙananan kafet na roba a jere, kowa ya tsaya a nasa da bokitin ƙwallo, yana bugawa cikin wani fili mai faɗi da aka kafa wa tutoci nesa da kusa, raga ta kewaye shi hagu da dama. Ba a shiga filin, don wanda ya shiga zai koma gida da ƙulu a ka. Yawancin mutane bugawa kawai suke yi har bokiti ya ƙare, fuska a murtuke, kamar masu biyan tara. Safiyo ya ce wannan ba atisaye ba ne, zubar da ƙwallo ne. A wurinsa bugun da ba a ci kowa da shi ba, ba a yi shi ba. Don haka ya ƙirƙiro wasanninsa, har da sunaye.

Akwai Tsani: ka buga tutar yadi hamsin, sai ta saba'in, sai ta ɗari, in ka kuskure ɗaya ka sauko ƙasa ka sake hawa. Akwai Agogo, a kan lallausar ciyawar da ke bayan rumfa: ƙwallo goma sha biyu a kewaye da rami kamar lambobin agogo, ka tura su ɗaya bayan ɗaya, in ta ƙarfe bakwai ta ƙi shiga ka koma ƙarfe ɗaya. Na taɓa yin minti arba'in ban ga ƙarfe huɗu ba. Waɗannan duk ɗumama jiki ne. Wanda aurena ke rataye a kansa shi ne Kusa-da-tuta: ƙwallo tara-tara, tutar yadi ɗari da ashirin, ya buga in buga, wanda tasa ta fi kusa ya ɗauki maki. Wanda aka cinye shi zai wanke sanduna, da bokitin ruwa da tsohon buroshin haƙori, a gaban kowa.

Tunda ba a shiga fili, da ido ake hukunci. "Kai ne mai sana'ar ido," in ji Safiyo ranar farko. "Kai za ka riƙa faɗa."

Asabar uku na farko da gaskiya aka cinye ni. Na haƙa ƙasa, na bugi iska, sau ɗaya sandar ta fi ƙwallon nisa. Amma sai ga wani abu da ban zata ba. Hannun da ya yi shekara ashirin da biyar yana ɗaura kusoshin tabarau, waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ashe ba ya rawa. Ƙwallona ta fara tashi, ta miƙe, ta sauka inda na ce mata. Ku duba rabo irin nawa. Baiwa ɗaya tak aka ajiye mini a duniya, ba a nuna mini ita ba sai ina dab da hamsin, kuma ranar da na same ta, ranar na fara ɓoye ta.

Asabar ta huɗu ce. Safiyo ya buga, ƙwallon ta karkata hagu sosai, ta faɗi can kusa da raga. Na juyo in yi masa jaje, sai na gan shi a tsaye, sanda a kafaɗa, haɓa a sama, yana kallon tuta kai tsaye kamar yana bin ƙwallon da ido.

"Ina ta sauka?" ya ce.

Da ya juyo gare ni, ba fuskata ya kalla ba. Ya ɗan karkata kai, ya kalli gefen kunnena. Jama'a, wannan karkatar na san ta kamar yadda na san ƙofar gidana. Mutanen da tsakiyar ganinsu ke mutuwa ne suke yin ta, suna laluben duniya da gefen ido. Ba yanar ido ba ce da za a cire a wuce wurin. Irin cutar da ake rage wa gudu ce, ba a mayar da ita baya. Da baƙo ne a shagona, a take zan rubuta masa takarda zuwa wurin babban likita. Amma wannan yayan matar da nake nema ne, mutumin da duk girmansa a idonsa yake, ga mutane a hagu da dama suna jin mu.

"Taka ta fi kusa, Yaya," na ce.

Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani. Na je na ɗebo ruwa.

Daga nan na shiga rami, kuma ba na ƙwallo ba. In na faɗi gaskiya yau, na tona ƙaryar makon jiya. In na ci gaba, ba aure. Kowace Asabar sai in ɗan ba kaina maki uku ko huɗu don kada abin ya yi yawa, in bar masa sauran. Na zama gwanin faɗuwa da tsari. Masu aikin filin har sun daina ɓoye buroshin, a kan bokiti suke ajiye mini shi. Wani ɗan kasuwa da ke bugu a kafet na kusa da namu, wanda idonsa ras yake, ya taɓa ja na gefe ya ce, "Malam, ko dai kai ma ka gwada tabarau ɗin da kake sayarwa?" In an tashi kuma, Safiyo ya shiga tsohuwar farar motarsa ya ja, ni in bi shi a baya a tawa, ina addu'a ga duk mai keken da ya gifta, har in ga ya shige gida.

Kada ku ɗauka a gida ina da sauƙi. Ina da yaya mace, Yaya Babba, wadda har yau Auta take ce mini, da sanƙona da komai. Ita ba ta rubutu, murya take turowa, minti huɗu-huɗu. Ta Laraba ga yadda ta fara: "Auta, an ce har yanzu kana can kana wanke wa tsoho ƙarafa. Mu a gidanmu ba a taɓa neman aure da buroshi ba." Sai hotuna uku suka biyo baya: wata mai shagon kayan kicin, wata ma'aikaciyar banki, da wata da aka ɗauka daga nesa a wurin biki, an zagaye kanta da jan layi. Ƙarƙashi ta sa a rubuta mata: "Waɗannan duk yayyensu ba sa wasa."

Ran Alhamis da yamma Malama ta shigo shago. Doguwar riga ruwan toka, mayafi baƙi mai ɗigon fari, jakarta ta makaranta wadda ko bulo aka sa a ciki ba za a gane ba. Ba ta zauna ba. Ta zaro wata takarda mai hatimi ta ɗora a kan gilashin firam.

"Karanta, Dokta. Ko in ara maka tabarau?"

Ƙarin girma ne. An ba ta muƙamin mai duba makarantu a wani yanki mai nisa, tafiyar yini guda, da gida da mota. Ana son amsa ran Litinin.

"Barka," na ce, da muryar wanda aka taka wa ƙafa a masallaci.

"Ban ce na karɓa ba. In akwai maganar aure, zan ce musu na gode, in zauna. In babu, zan tafi. Wata uku da rabi ke nan ina goge wa Yaya rigar wasa duk Juma'a, in zauna ina jiran sakamako kamar kofin gasar da aka ajiye a kan tebur. Ɗalibaina ma sun ji labari. Jiya wata ta tambaye ni ko Mai Tabarau ya ci."

"Yayanki gwani ne, Malama."

"Yayana shekararsa saba'in da ɗaya, gwiwarsa tana ƙara kamar ƙofar gareji. Kai kuma an ce mini ƙwallonka kamar da igiya ake jan ta zuwa tuta." Ta leƙo ni ta saman tabaran da ni na yanka mata. "In ba ka so ne, ka faɗa. Na fi son a ce mini a'a da baki, da a ce mini da sanda."

Na rantse mata ina so. Ta ce to Asabar ta gani. Ta ɗauki takardarta, ta tsaya a madubi ta gyara mayafi, ta ce firam ɗin layin sama duk sun yi ƙura.

Asabar na isa fili tun bakwai saura, da niyya mai ƙarfi. Na yi wa kaina huɗuba a mota: kai ba yaro ba ne, ka faɗi abin da ka gani, ko me zai faru ya faru. Safiyo ya iso cikin shuɗiyar riga mai kwala, karin guga a hannunta kamar wuƙa, farar hula, safar hannu ɗaya. Muka yi Tsani, muka yi Agogo, ya cinye ni a Agogo da gaskiya, don a nan taku yake ƙirgawa da ƙafa, hannunsa ya yi sauran.

"To, Mai Tabarau," ya ce. "Na ji an ba ka wa'adi."

"An ba ni, Yaya."

"Sai ka dage."

Ƙwallon farko tawa ta fi kusa da taku goma. Na buɗe baki da duk huɗubar nan a cikinsa, sai na ji ya ce, "Taka, Yaya." Bakin nawa fa. Wata uku yana abu ɗaya, ya saba, bai ma tuntuɓe ni ba. A ta biyu na daure na ce tawa, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Haka muka yi ta ja, in faɗi gaskiya a wannan in yi ƙarya a waccan, har muka kai huɗu da huɗu. Saura ɗaya.

Na buga. Ban taɓa yin bugu irinsa ba, kuma ba na jin zan sake. Ƙwallon ta tashi kamar an kira ta, ta sauka, ta yi tsalle ɗaya, ta kwanta taku biyu daga gindin tuta. Ɗan kasuwar nan na kusa da mu har ya ajiye sandarsa ya tafa sau biyu.

Safiyo ya gyara tsayuwa, ya daɗe a kan ƙwallon, ya buga. Ta fita hagu tun daga bakin sanda, ba ta ko yi niyyar tuta ba, ta je ta faɗa cikin raga ta zame ƙasa. Shi kuwa yana nan yadda ya saba, sanda a kafaɗa, haɓa a sama, yana kallon inda babu komai.

"Faɗa mini," ya ce.

Na dubi karin gugar nan a hannun rigarsa. Na dubi wuyansa, yadda kwalar ta yi masa yawa. Na tuna Litinin. Wallahi na tuna Litinin, kada wata ta rubuto ta ce ban damu da Malama ba.

"Taka ce, Yaya. Kamar da hannu ka ajiye ta."

Ya sauke sandar a hankali. Ya cire safar hannunsa yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Raga na aika ta," ya ce. "Da gangan na juya fuskar sandar. Zo mu zauna."

Akwai benci a ƙarshen rumfar, inda ba kowa. Na bi shi kamar ɗalibin da aka kama da takarda a aljihu. Muka zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Asabar ta huɗu."

"Ni tun ta biyar na san kana yi mini ƙarya. Shekara arba'in ina bugun nan. Kafin ƙwallo ta bar sanda hannuna ya gaya mini inda za ta. Sai in ji na yi ɓarna, kai kuma ka ce kusa da tuta."

"To me ya sa ba ka tsayar da ni ba, Yaya?"

Ya shafa hular da ke gwiwarsa.

"Da daɗi," ya ce. "Ka san rabon da in ga ƙwallona ta sauka? Shekara ɗaya da rabi. Kai kuma ka iya faɗa. Har tsallen da ta yi kake ba ni." Ya juyo, ya kalli gefen kunnena. "In na dube ka yanzu, ina ganin kunnuwanka biyu da kafaɗunka. Tsakiya babu kowa."

"Ba kai ne na farko da ya faɗi haka game da kaina ba, Yaya."

Ya yi dariya, gajeriya, ta hanci. Ita ce ta farko da na taɓa samu daga gare shi, kuma ban ji daɗinta ba.

"Na rasa yadda zan yi da kai," ya ce. "In ba ka ita don kana da tausayi, ko in hana ka don kai maƙaryaci ne. Yau na ce bari in yi ɓarnar da ko makaho zai ji kunyar yabonta, in ga ko son auren zai fi ƙarfinka. Sai ga shi ka gwammace ka rasa mata da ka kunyata tsoho. Wauta ce. Amma irin wautar da zan iya barin ƙanwata a hannunta ce. Ka ci. Juma'a ka turo manyanka."

Jama'a, wata uku da rabi ina jiran wannan magana. Na ɗauka in ta zo zan ji kamar an sauke mini buhu. Ban kai ga jin komai ba ya ɗora hannu a gwiwata, bayan ya ɗan lalube ta.

"Da sharaɗi. Ba za ta san maganar idon nan ba sai ta tare a gidanka."

"Yaya, ai ita ce ta fi kowa..."

"Ka san ta wata nawa? Ni na yi mata rajistar firamare. Lokacin da matata ta kwanta jinya, ta samu gurbin ƙaro karatu, ta ajiye. Mutum biyu suka zo nemanta, na kirki, ta sallame su a bakin ƙofa. Shekara tara na rayuwarta na riga na ci. In ta ji wannan, za ta yaga takardar can, ta yaga ka kai ma, ta ja kujera ta zauna kusa da ni tana karanta mini jarida har ɗayanmu ya mutu. Ba wanda zai iya tayar da ita, har ni. Ka yi mini alkawari."

Na yi ƙoƙarin zillewa. Na ce a bari in yi tunani. Ya ce shekararsa saba'in da ɗaya, ba shi da lokacin tunanin wani. Na yi alkawarin. Amma sana'a ta motsa mini a makare, na ce ni ma ina da nawa sharaɗin, guda biyu. Talata zan kai shi wurin babban likitan ido, da kaina. Sannan daga yau ya daina tuƙi.

"Motar ta san hanya," ya ce.

"Masu keke ba su san ta sani ba, Yaya."

Muka yi ta ja kamar masu cinikin akuya. A ƙarshe ya ce to, da ƙyar, kamar ana zare masa haƙori. Na ɗauko shi a motata, muka bar tasa a filin. A hanya na tambaye shi me zai gaya wa Malama. Ya ce gwiwa, ai kowa ya san gwiwarsa. Na sauke shi a ƙofar gida na wuce shago ina jin kaina wani gwarzo. Har na tura wa Yaya Babba saƙo cewa ta tanadi mayafin fita ran Juma'a. Ta maido da murya ta minti shida, rabinta guɗa.

Bayan azahar ina cikin ɗaura wa wani firam kusa, na ji tsayuwar mota a ƙofar shago. Ƙarar na sani. Wata uku ina bin ta a baya. Na ɗaga kai, sai ga tsohuwar farar motar, ga Malama tana fitowa daga mazaunin direba.

Ta shigo, ta mayar da ƙofa, ta juya ɗan allon da ke rataye ya koma "An rufe". Ta wuce ni zuwa ɗakin ciki, ta tsiyayi ruwa a kofi daga na'urar da ke kusurwa, ta hau kujerar gwaji ta zauna. Na biyo ta da ɗan sukudireba a hannu.

"Yaya ya ce ka ci," ta ce. "Ya ce Juma'a."

"Allah ya nufa, Malama."

"Barka. Na yi murna, kada ka ga fuskata haka." Ta buɗe tafin hannunta, makullin motar yana ciki. "Ya kuma ba ni wannan, wai in je in ɗauko ta, gwiwa ta hana shi. Shekara ashirin da motar nan, ko wanki ba ya bari wani ya yi mata. Ranar da ya karye a hannu, da ɗayan ya tuƙa kansa asibiti."

"Girma ne, Malama. Gwiwa in ta..."

"Ina tsaye a gabansa, Dokta. Kamar daga nan zuwa inda kake. Da zai ba ni makullin, labule ya miƙa wa."

Na ajiye sukudireban. Ta zaro takardar nan mai hatimi daga jaka, ta shimfiɗa ta a cinyarta, ta ɗora alƙalami a kai. Sannan ta cire tabaranta, ta ninke, ta dube ni da idonta tsirara, irin kallon da ke sa 'yan aji shida su fara kuka tun ba a tambaye su ba.

"Ban zo gwaji ba. Wata uku da rabi kana tsaye kusa da shi duk Asabar, kuma wannan ce sana'arka. Ba zan tambayi Yaya ba, na san abin da zai ce. Kai nake tambaya, don in Juma'a ta tabbata, bakinka zan riƙa yarda da shi har ƙarshen rayuwata. Me ya sami idon yayana?"

Alkawarin da na ɗauka ko awa bakwai bai cika ba. In na riƙe shi, na sami mata, na kuma fara zama da ita da ƙarya a rana ta farko. In na sake shi, na ci amanar tsohon da ya ba ni ita, ita kuma ta ja kujerar nan da ya faɗa. Na dubi allon haruffa ko akwai amsa a jiki. Manyan baƙaƙe ne kawai, suna ƙanƙancewa.

"Ba sai ka yi sauri ba," ta ce, ta ɗaga kofin ruwan. "Ni ina da har Litinin. Kai kana da har in shanye wannan."

Kofin kuwa, jama'a, irin ƙananan nan ne na takarda. Ta kai shi baki.